Zabin Shari'a na Jandurma

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da tabarma ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya ba tsuntsu kuka, ya ba ɗan Adam magana, ya bar kowa da kayansa a ka.

Kai da takardar nan ta faɗo hannunka, na haɗa ka da girman Allah, in ka gane ko ni wace ce, ka haɗiye. Kar ka gaya wa matarka, kar ka gaya wa amininka. An kafa doka a garinmu, duk wanda ya sake ta da maganar igiya, kwale-kwale ne makomarsa. Ni kuwa maganar igiyar zan yi. Karatuna bai yi nisa ba, in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, a kan gwiwata nake yi.

Garinmu Jandurma, a bakin kogin Maraɗa yake. Kogin nan ba irin naku ba ne. Kwana arba'in yana gangarawa gabas, sai ya tsaya cik kamar an kira sunansa, ya juya yamma, ya nufi Tafkin Babu-Gaci, inda ba a taɓa jin wanda ya ga ƙarshensa ba.

Mu ba mu da alƙali irin na mutane. Kakanninmu sun ce mutum yana ƙarya, yana da dangi, yana da ciki. Dabba kuwa ba ta ƙarya, kuma duk abin da aka yi a ƙasa tsuntsaye sun gani, sun gaya wa juna. Shi ya sa muke da zabin shari'a. Zabi goma sha biyu ne, a ɗaki mai duhu ake ajiye su, ba sa ganin kowa sai Baba Mantau mai kula da su, don kar su saba da wani su yi masa kara. In an yi laifi, sai a fito da su cikin keji a dandali, a shimfiɗa busasshen ganye a gabansu don su ji tafiyar kowa da kyau, mutanen unguwa su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda suka yi wa kuka, shi ne. A tsare shi har kogi ya juya yamma, a sa shi a kwale-kwale ba filafilin tuƙi, a tura.

In baƙo ya zo, abin da ake fara nuna masa ke nan. A ce, "Duba da kyau. Garinmu ba gurgu, ba makaho mai jan sanda. Albarkar gaskiya ce."

Innata ta faɗo daga bishiyar ɗorawa da damina, ɗorin bai kama daidai ba, sai ta koma jan ƙafar hagu. Kunya ta hana ta fita, ni nake zuwa rijiya, ni nake zuwa kasuwa. Mu biyu ne kawai a gidan. Sai rumbun iri na unguwarmu ya kama da wuta da tsakar rana. Wallahi a lokacin tana tsefe mini kai, har tana yi mini faɗa wai na bar shi ya cukurkuɗe.

Aka yi wucewa. Mutum tamanin suka wuce, zabi suna tsince-tsince abinsu. Inna ta shigo, ƙafarta tana share ganye, shaa, shaa. Suka ɗauka gaba ɗaya, wani irin kuka kamar ana kankare tukunya da wuƙa.

Na ce, "Baba Mantau, tana gida! Kaina take tsefewa!"

Ya ce, "'Yata, ke mutum ce, kuma uwarki ce. Su fa?"

Ran nan kogi ya juya gabas. Kwana arba'in ke nan a hannuna. Na ce a raina, tun da zabi sun san komai, ni zan koyi harshensu in tambaye su da bakina, wa ya sa wutar, kuma me Inna ta yi musu. Na ɗaura garin rogo a gefen zane, na fita ban sallami kowa ba.

Kwana uku na yi ina bin ƙafar shanu arewa kafin na iso Dutsen Amya. Dutse ne da zuma ke tsiyaya a jikinsa kamar gumi, ƙudan zuman wurin kowane ya kai kurciya. In sun tashi, inuwa ce take rufe gona. A gindinsa na sami wani tsoho mai ɗibar zuma, Baba Nomau, fuskarsa duk tabon harbi, kunnensa ɗaya ba ya ji.

Na ce, "Baba, harshen dabbobi nake nema."

"Harshen dawaki? Mahauta suna can gaba."

Na yi ihu a kunnen mai kyau. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Na ji tun farko, jikata. Ɗauki tukunyar hayaƙin nan. In kin kai sama da ranki, sai mu ga."

Na hau, tukunya a ka, igiyar kaba a hannu, iska tana wasa da ni kamar tsumma a kan shinge. Ban kalli ƙasa ba, sunan Inna nake ta kira a cikina. A sama ya ja ni bakin wani kogo ya nuna mini saƙa. Wata ƙudar ta dawo daga kiwo, ta sauka a kai, ta fara kaɗa gindi tana tafiya, ta zagayo, ta sake. Sauran suka kewaye ta. Can sai suka tashi buu, suka nufi wuri ɗaya.

Ya ce, "Kin gani? Ta ce musu ku bar rana a hannun dama, tafiya mai ɗan nisa, akwai fure."

Ga dabba tana ba da labarin abin da ba ya gabanta! Na kama rigarsa. "Baba, tambaye ta wa ya ƙone rumbun Jandurma."

Ya dube ni, dariyar ta gudu daga fuskarsa. "Shekara hamsin ina kallonsu. Fure, ruwa, sabon gida. Ban taɓa jin sun yi gulmar kowa ba." Ya cika mini gora da zuma, ya ce a Kurmin Lallaɓa akwai tsuntsaye masu magana da bakin mutum. "In sun ba ki kunya, ki nemi Tsahara a Fadamar Shiru. Amma kar ki ce ni na turo ki, ba ta son baƙi."

Kurmin Lallaɓa gari ne a kan rassan itatuwa, ba mai taka ƙasa. Gadojin igiya ne tituna, kasuwa tana lilo in iska ta taso. Nan na tarar da Korau mai aku, mutum mai kyakkyawan murmushi da zobe a kowane yatsa. A kafaɗarsa akwai aku mai jar wutsiya. Ina tsayawa tsuntsun ya karkata kai ya ce, "Sannu da zuwa, 'yar albarka. Me ke tafe da ke?"

Tun da na bar gida ba wanda ya kira ni 'yar albarka. Na durƙusa a gaban tsuntsu, ni wawiya, na zayyana masa komai ina kuka. Da na gama ya ce, "Allah sarki. Za a duba."

Korau ya ce, "Kin ji dai da kunnenki. Amma manya ba sa gaggawa. Ki share mini keji na 'yan kwanaki, ya aika a tambayo miki zabin."

Ya kai ni wani ɗaki a ƙoƙon itace mai keji ɗari, ya sa aka kulle. Mai tsaron ƙofa wani ƙato ne, Gagare, idonsa ba ya gani sosai, ba ya buɗewa sai ya ji muryar maigida. Kullum ina kankare kashin tsuntsu, kullum ina tambayar aku, kullum "Za a duba." Na ɗebe masa zumata rabi don ya yi sauri.

A kwana na goma wani ƙadangare ya faɗo ta taga. Aku ya karkata kai ya ce masa, "Sannu da zuwa, 'yar albarka. Me ke tafe da ke?"

Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba ma. Kwana goma na Inna na zubar a gaban ƙwarya mai amsa kuwwa.

Daga nan na daina sauraron abin da yake cewa, na koma lura da lokacin da yake faɗa. In wani abu ya shigo, sannu da zuwa. In an yi shiru bayan magana, Allah sarki. In kuwa ya ji ƙarar ƙarfe, sai ya yi wata murya dabam, don Korau in zai shigo zobbansa ne suke fara ƙara a jikin ƙofa. Ran na sha biyu da hantsi, Korau yana kasuwa, na cire awarwaron Inna guda biyu da ke hannuna, na buga su kusa da kejin. Aku ya buɗe baki da muryar Korau sak: "Gagare! Buɗe, ɗan banza!"

Ƙofa ta buɗe. Gagare yana cewa, "Yi haƙuri, maigida, ban ga dawowarka ba, balle shigarka." Na bi ta ƙarƙashin hammatarsa. Ina kan gada ta uku ina jin aku yana gaya masa za a duba.

Fadamar Shiru ciyawarta ta fi raƙumi tsawo, kuma ba ta son hayaniya. In ka ɗaga murya sai ta rufe a kanka, ba za ka ƙara ganin hanya ba sai ka yi shiru ta huce. Sau biyu tana rufe ni don ina kiran sunan matar. Na uku na rufe bakina, sai ga bukka a gabana, wata tsohuwa zaune a kan turmi tana ɓare gyaɗa.

Na yi raɗa, "Gwaggo Tsahara, don Allah ki ba ni layar jin harshen zabi."

Ba ta ɗago ba. "Wa ya turo ki? Nomau ne, bakinsa kamar gindin kaza. Ba laya. Gindi ne da kunne. Ga tafki can, je ki zauna. In kin motsa kin koma farko."

Na zauna. Sauro ya ci, rana ta ci. Da safe in tafi, da la'asar in dawo, ta tambaye ni me na ji. Na lura tana ɗingishi in ta tashi, amma raina ba ya wurin. Zabin daji suna zuwa shan ruwa garke-garke. Ran farko duk kukan ɗaya ne a kunnena. Ran na huɗu na fara rabewa. In shirwa ta gilma a sama, akwai kukan da suke yi, kowa ya faɗa ƙarƙashin ciyawa. In wani abu ya ja ciki a ƙasa, kukan dabam ne, mai kankarar tukunya, su miƙe wuya su tsaya suna kallon wurin. In ɗaya ta ɓace, akwai na ga ni nan, kina ina. In an sami abinci, akwai ɗan ƙaramin da suke yi a maƙogwaro.

Ran na tara na ce, "Gwaggo, na iya huɗu. Saura fa?"

"Akwai 'yan ƙanana, na uwa da 'ya'ya. Ba za su amfane ki ba."

"A'a, ina nufin yadda suke cewa jiya. Yadda suke cewa wane ne ya yi."

Ta watsar da ɓawon gyaɗa. "Zabuwa ba ta da jiya. Ba ta da wane. Ba ta da ba-shi-ba-ne. Abin da ke gabanta yanzu, shi take wa kuka, in ya wuce ya wuce."

Na ce, "Amma ba sa ƙarya."

"Turmin nan ma ba ya ƙarya. Kai shi shari'a mana."

Na ce mata to na mutu, kwana talatin da huɗu, har da na hanya, sun tafi a banza. Ta ce in koma tafki gobe, sau ɗaya tak.

Washegari ina zaune, wani sabon garke yana shan ruwa, sai na ji tafiya a bayana cikin busasshen ganye. Shaa. Shaa. Gwaggo ce take kawo mini fura, ita da ba ta taɓa zuwa tafkin ba. Zabi suka miƙe wuya suka ɗauka gaba ɗaya. Kankarar tukunya. Kuma yanzu ina ji. Ba cewa suke ita ce ba. Ba cewa suke wuta ba. Abu a ƙasa, abu a ƙasa, abu a ƙasa. Ƙafarta suke kallo, ba fuskarta ba.

Na juya na dube ta. Na ce, "Gwaggo, ke 'yar wane gari ce?"

"Wanda ba gurgu." Ta miƙo mini ƙwaryar. "Akuya aka sata, zabi suka yi mini kuka. Mu bakwai aka tura a zamanina, ni kaɗai ciyawar bakin tafki ta riƙe kwale-kwalena."

"Me ya hana ki komawa ki gaya musu?"

Ta ce, "Sha furarki. Ki je ki gwada."

Kwana shida na yi ina gudu, tafin ƙafata ya tsage. Na iso da hantsi, kogi ya riga ya tsaya cik, gari duk yana dandalin bakin ruwa. An fito da zabi su ga an cika hukuncinsu, kamar yadda aka saba. Ga Inna a tsaye, ta rame, an ɗaure mata ƙullin abinci na kwana uku.

Na ciro igiyar guga daga rijiyar dandali, na kwashi ganye cike da zane, na zube a gaban kejin. Na ce, "Baba Mantau, a bar mutum ɗaya ya ƙara wucewa."

"Wa?"

Na tsaya nesa, na jefa igiyar, na jawo ta a hankali cikin ganyen. Shaa. Zabi goma sha biyu suka ɗauka.

Na ce, "To ga ɓarauniya. Igiya ce ta ƙone rumbu?"

Wani ya tuntsire da dariya. Jatau mahauci, wanda ba ya barin abin wasa ya wuce shi, ya ce, "Kai, bari in gani!" Ya taka ganyen da tafiyarsa, zabi shiru. Ya dawo yana jan ƙafa yana murguɗa baki. Suka ɗauka. Ya ce, "La ilaha! Ashe ni ne! Ku kama ni, jama'a, amma a sa mini tsire a jirgin!"

Dandali ya ɗauki dariya. Ni ma har na fara murmushi, na ɗauka na ci. Na ce da ƙarfi, "Maciji suke tsammani! Ba su san laifi ba, ba su san kowa ba! Duk mai jan ƙafa, duk mai jan sanda..."

Sai dariyar ta fara mutuwa, daga baya zuwa gaba. Na ga mutane sun daina kallon juna. Wani yana kallon ƙasa, wata ta toshe baki da mayafi. Ba gidan da ba a taɓa ɗaura wa wani nasa ƙullin kwana uku ba.

Iya Barmo ce ta fara magana. Tsohuwa ce mai kirki, ita take ba ni ƙosai kyauta. Ɗanta makaho ne, da hannunta ta taya tura jirginsa shekara goma da suka wuce, don ta nuna ba ta goyon ɓarawo. Ta matso. Na ɗauka rungume ni za ta yi.

Ta nuna ni da yatsa. "Mayya! Ta shiga bakin zabi! Ta je daji ta koyo sihiri!"

Kamar jira ake. "Mayya!" "A haɗa su!" Jatau ya sulale ya ɓace. Baba Mantau fuskarsa ta yi toka, ya ce, "Jirgin zai ɗauki biyu." Hannaye suka kama ni.

Sai na ji muryar Inna, ba ta taɓa yin ƙarfi haka ba.

"Ku sake ta. Ni na ƙone rumbun."

Kowa ya juya wajenta.

"Ni ce. Garwashi na ɗauko, na ji haushin an daina gaishe ni. Zabi sun yi gaskiya. Yarinya ce, baƙin ciki ya taɓa mata kai. Igiyar ma ƙafata ta sha taɓa ta a rijiya, shi suka ji."

Na ce, "Inna, ƙarya kike! Kaina kike tsefewa!"

"Rufe mini baki, mara kunya. Uwarki kike ƙaryatawa a gaban mutane?"

Ka ga yadda gari ya sauke numfashi? Kamar an sauke wa jaki kaya. Iya Barmo ta fashe da kuka tana cewa Allah ya yafe miki, har ta ƙara mata ƙosai a ƙullin. Aka sake ni. Baba Mantau ya ce an yafe wa mahaukaciya, amma daga yau wanda ya ƙara ambaton igiya ya bi kogi.

Da za ta shiga jirgin ta jawo ni ta dafa kaina, ta ce a kunnena, "Dubi yadda ya sake cukurkuɗewa. Ki jiƙa shi da man shanu. Gobe zan dawo in ƙarasa miki."

Kogi ya juya. Aka tura.

Na taka ƙasashe uku ina neman dabbar da za ta faɗi abin da ya faru, ban samu ba. Abin da bai faru ba kuwa, da abin da ba zai faru ba, a bakin uwata na ji su, a numfashi biyu, kuma su ne suka bar ni da rai. Ban san wa zan yi wa godiya ba.

Yau kwana goma sha ɗaya. Kullum da rana ina zuwa nan, cikin ƙonannen rumbun, don ba mai leƙo shi. Ban taɓa kaina ba, yana nan yadda ta bar shi. Ina cewa a raina ciyawar da ta riƙe jirgi ɗaya ai ba ta mutu ba. In takardar nan ta kai garin da ake jin magana, ku zo ku ja igiya a gabansu, ku manya ne, ba za a ce muku mayu ba.

Tsaya. Zabin daji da ke kiwo a bayan rumbun sun miƙe wuya. Sun ɗauka. Abu a ƙasa, abu a ƙasa. Ina jin shi cikin ganye, shaa, shaa, yana matsowa. Ko maciji ne, ko mutanen Baba Mantau ne da igiyar ɗauri, ko kuwa ƙafar hagu ce. Su ba za su gaya mini wane ne ba, ba su da shi. Sai na leƙa da kaina. Ka rufa mini asiri, kar ka fa